Ganau da Jama'arsa a Dawowar Oasis

Ranar 27 ga Agustan 2024 aka wayi gari da labarin cewa Liam da Noel Gallagher sun shirya. Wa da ƙani ne, ciki ɗaya, 'yan unguwar Burnage ta Manchester, waɗanda suka kwashe shekara 15 ba sa ga-maciji da juna tun daren da suka kaure da faɗa a bayan dandamali a Paris a 2009, jama'a na waje suna jiran fitowarsu. Noel ya kama gabansa a wannan dare, ƙungiyar waƙarsu ta Oasis ta watse, aka koma jifan juna da baƙar magana a jaridu da Twitter, inda ƙanin ya yi ta kiran wansa dankali. To wai ga shi an yafi juna, za a zaga duniya. Daga ranar har zuwa Nuwambar 2025 da suka tashi wasan ƙarshe a São Paulo, duk wanda ke zaune a Manchester bai ƙara samun sakat ba. Ofis, bas, shagon aski, layin ganin likita, ko'ina zancen ke nan. 'Yan'uwan biyu ba ni da ta cewa a kansu, sun yi aikinsu sun karɓi kuɗinsu. Masoyansu ne suka ishe ni, kuma tunda ni na ɗanɗana, ku ma sai kun ji.

Wanda ya fara bayyana shi ne ɗan layi. Asabar 31 ga Agusta aka buɗe sayar da tikiti, mutum fiye da miliyan 10 suka yi caa a kan guraben da ba su kai miliyan biyu ba. Ɗan layi ya tashi tun da asuba, ya jera wayarsa da ta matarsa da kwamfutar ofis da ta karatun yaro a kan teburin cin abinci, ya kafa dokar kada kowa a gidan ya taɓa intanet. Bini-bini sai ya aiko wa rukunin WhatsApp yawan mutanen da ke gabansa, kamar wani ya tambaye shi. Da la'asar sakaliya ya iso gaba, sai na'ura ta ce ba ta yarda shi ɗan Adam ba ne, ta mayar da shi ƙarshen layi. Wannan ya fi komai yi masa ciwo: magidanci mai 'ya'ya uku da bashin gida a wuya, a ce ma ba a tabbatar mutum ne ba. Wanda ya tsallake wannan kuma ya tarar tikitin tsayuwa da aka ce wajen fam 150 ne ya koma fam 355, ga agogo na ƙirga masa 'yan mintunan yanke shawara. Abin ya kai har hukumar da ke sa ido kan gasar kasuwanci a Birtaniya ta buɗe bincike. Ɗan layi ya zagi masu sayar da tikiti, ya zagi 'yan'uwan, ya haɗa da gwamnati, sannan ya sa lambar katinsa ya biya. Matarsa har yau 150 ta sani.

A bayansa ɗan bumburutu yake laɓe. Ba jarka yake riƙe da ita a bakin titi ba, amma sana'ar ɗaya ce: ya shanye kayan tun kafin masu buƙata su iso, ya koma gefe yana jiran wanda ido ya raina wa fata. Awa ɗaya ba a yi da buɗe kasuwa ba aka fara ganin tikiti a wasu shafuka ana neman dubban fam. Daga baya masu shirya zagayen suka ce za su soke tikiti wajen 50,000 da aka sayar ta bayan fage, abin da ya jefa masu saye a hannu na biyu cikin zullumi, shi kuwa ɗan bumburutu tuni ya kai kuɗinsa banki. Ba na ɓata masa tawada da yawa, don bai san waƙa ko ɗaya ba, kuma bai taɓa cewa ya sani ba.

Sai akawun aljihun mutane. Shi kalma biyu gare shi: kuɗi ne. Ya san auren Noel ya mutu a 2023, ya lissafa abin da saki ke ci a ƙasar nan, ya haɗa ya raba ya gano sirrin sulhun. Wataƙila gaskiyarsa ne. Ni dai ban taɓa jin makaɗin da ke kiɗa don Allah ba, kuma akawu yana wannan huɗuba ne sanye da rigar Adidas da aka ɗinka musamman domin zagayen, wadda ya bi wani layin daban ya saya. Maƙwabcinsa a ra'ayi shi ne mutumin ƙungiyar Blur, wanda har yanzu yake tunatar da kowa cewa a Agustan 1995 waƙarsu «Country House» ta kayar da «Roll With It» ta Oasis ta hau na ɗaya. Shekara talatin ke nan yana cin wannan nasara, ba ta ƙare ba. Akwai kuma mai cewa komai na Oasis daga Beatles aka kwaso, yana faɗa yana rage murya kamar ya tona asiri, alhali Noel da bakinsa ya sha faɗin haka.

Mai jiran faɗa ya fi su ban sha'awa. Tikitin Cardiff ya nema, daren farko, 4 ga Yulin 2025, domin a lissafinsa ba za a ga dare na biyu ba. Kuma kada a raina masa, yana da hujja. Zai kawo maka Los Angeles a 1994, inda Liam ya jefi wansa da abin kacau-kacau a kan dandamali, Noel ya ɓace kwana da kwanaki. Zai kawo zagayen Amurka na 1996 da aka yanke a tsakiya, da rigimar Barcelona a 2000. Duk ya haddace su da shekarunsu. Sai ga 'yan'uwan sun fito a Cardiff hannu cikin hannu. Ka ce zai saduda? Ina! Ya koma nazarin bidiyo. «Ka lura wa ya fara sakin hannun wani? Ka ga Noel bai dube shi ba a waƙa ta shida?» Ya ɗage annabcinsa zuwa Manchester, daga nan zuwa Wembley, daga nan ya ce a bari su haye Amurka, can ne abin ke tashi. Aka yi wasa 41 ba a fasa ko kofi ba. Yanzu matsayarsa ita ce a bayan fage ba sa gaisawa, kuma wani da ya san wani direba ne ya gaya masa.

Duk waɗannan 'yan rakiya ne. Uban tafiyar shi ne Ganau.

Teburinsa na kallon nawa a wurin aiki. Ya ba hamsin baya, gashin kai ya yi sallama, mutum ne mai kirki da riƙon amana, idan ka ci bashinsa sai ka tuna masa. Aibinsa ɗaya: ya je Knebworth. Ranakun 10 da 11 ga Agustan 1996 Oasis ta tara mutum 125,000 kowane dare a wannan fili da ke arewa da Landan, bayan wajen miliyan biyu da rabi sun nemi tikiti. Fam 22 da rabi aka sayar da shi. Ban binciko waɗannan alƙaluma ba, dole ce ta sa na haddace su, don babu makon da ba a karanta mini su. Guntun tikitin yana cikin walat ɗinsa, an lulluɓe shi da roba, yana gaban hoton 'ya'yansa.

Babu zancen da Ganau ba zai iya karkatarwa zuwa Knebworth ba. Ka ce an yi cunkoso a hanya da safe, ya ce ai ba ka ga cunkoso ba, da ka ga fitowa daga Knebworth. Ka ce an yi ruwa, ya tuna ruwan daren Lahadi. Injin buga takarda ya maƙale, ya yi murmushi ya ce haƙuri ai a layin bayan gida na Knebworth ya koye shi. Wata rana wani sabon ma'aikaci ya yi kuskuren cewa kakarsa ta rasu a watan Agusta, na ga leɓen Ganau yana rawa, da ƙyar ya danne.

Abin da na fi so a labarin shi ne yadda yake girma. Lokacin da na fara jin sa, Ganau yana can baya ne, inda mawaƙan suke kamar ƙwayar gero, sai ka ga bakin Liam ya motsa a majigi kafin sautin ya iso. Bayan 'yan shekaru ya matso tsakiya. Zuwa bara yana jingine da ƙarfen gaba, har Noel ya dube shi ya gyaɗa kai lokacin da John Squire ya hau ya taya su kaɗa «Champagne Supernova». In Allah ya ja da ransa, nan da shekara goma shi zai riƙe wa Noel jita. Da aka fitar da fim ɗin wasan a 2021, ya gayyace mu gidansa kallo, ya tsayar da hoton a wani wuri da aka hasko taron daga sama, ya tashi ya ɗora yatsa a kan wani ɗigo cikin dubban ɗigogi. «Ga ni nan.» Matarsa ta ce wancan karon ɗigon hagu ya nuna. Ya ce ai ya yi ta yawo a ranar.

Da aka sanar da dawowar, Ganau ne ya fara rantsuwa ba za shi ba. Me zai je gani? Ya gan su lokacin da suke su. Tsofaffi biyu, ɗaya 57 ɗaya 51, su zo su ɓata masa abin da ya adana? Ya faɗi haka ranar Talata. Ranar Asabar yana cikin 'yan layi da na'ura huɗu, ya fito da tikiti biyu na lambun Heaton Park a Manchester, ɗaya nasa ɗaya na abokin da suka je Knebworth tare. Ana saura kwana kaɗan ƙugun abokin ya riƙe, wai ya sunkuya ɗaure takalmi ne. Haka tikitin ya faɗo hannuna a kan kuɗinsa na asali, da sharaɗin da ba a rubuta ba, wato in saurara.

A 1996, in ji shi, da riga ɗaya da 'yan canji ya tafi, ya kwana a gona, ya dawo da takalmi ƙafa ɗaya. A 2025 ya zo da jaka: maganin ciwon jiki, man kare zafin rana saboda sanƙo, abin toshe kunne, tabaran karatu don ya iya ganin tikitin a waya, da takalmi mai taushin ciki da likitan ƙafa ya ba shi shawara. Taswirar filin kuwa ya yi mata karatun jarrabawa, ba don ya san inda dandamali yake ba, don ya san bayan gida mafi kusa.

A cikin taram ɗin da ya kai mu ne na ga abin da ban zaci zan gani ba. Ganau ya samu wasu samari ya fara musu karatu, ya kai wajen fam 22 da rabi, sai wani dattijo mai farin gemu da ke riƙe da ƙarfe ya yi gyaran murya. Ya ce Knebworth ai taron 'yan yawon buɗe ido ne, shi a Maine Road ya gan su a Afrilun shekarar, tsohon filin Manchester City. Ganau ya buɗe baki, dattijo ya ƙara da cewa kafin nan ma yana King Tut's a Glasgow a Mayun 1993, daren da Alan McGee na kamfanin Creation ya gan su ya ɗauke su. Gaba da gabanta, aljani ya taka wuta. Ganau ya mayar da walat aljihu a hankali, bai ƙara tofawa ba har tasha biyu. Ɗakin nan na Glasgow mutum 300 yake ɗauka in ya cika maƙil, kuma a daren bai cika ba, amma waɗanda suka ce suna ciki za su cika Wembley su bar saura a waje. Da muka sauka Ganau ya raɗa mini cewa mutumin maƙaryaci ne, ya gane daga idonsa.

Kafin ƙofa akwai mutanen tudu. Waɗannan ba su da tikiti, sai suka gano wani tudu a cikin lambun da ake hango majigi daga nesa, suka shimfiɗa barguna, suka raɗa masa suna tudun Gallagher. Hukumar birni ta kafa shingen ƙarfe ta tare hangen, suka ci gaba da zuwa, tunda kunne ba a yi masa shinge. Su ne kaɗai na ga sun ci riba a duk harkar.

A ciki, mutum wajen 80,000, kusan rabinsu sun kifa 'yar malafar yadin nan a ka. Mai hula ba shi da laifi. Wanda na tausaya wa shi ne mai cikakken kaya: ana tsakiyar zafin Yuli, ya zuge doguwar rigar sanyi har haɓa don Liam haka yake yi, ya buɗe ƙafafu yana tafiya kamar mai gwaiwa, ya goya hannu a baya ya ɗaga haɓa sama. Ranar Litinin za ka same shi a banki yana duba takardun rancen gida. Gumi na ɗiga daga hannun rigar, amma ko zif bai sassauta ba.

Akwai 'yan ɓangare. Mutanen Liam sun ce murya ita ce Oasis, mutanen Noel sun ce wanda ya rubuta waƙoƙin shi ne mai abu. Shekara 15 suna yaƙi a madadin iyayen gidansu, ɗaya na bin High Flying Birds ta Noel, ɗaya na kare Beady Eye ta Liam da shi kansa bai saurara ba, sai aka shirya ba a shawarce su ba. Yanzu ramuwar ɗan Liam ɗaya ce: da zarar Liam ya sauka ya bar wa Noel waƙoƙinsa uku na tsakiya, sai ya juya ya nufi bayan gida don nuna matsayi. Ko da yake a shekarun yawancinsu, da wuya a rabe matsayi da larura.

Mai waya ya ɗauki wasan gaba ɗaya, awa biyu hannu a sama, abin da ya samu shi ne ƙeyar wani da muryar kansa. Masanin lungu ya yi fushi don waƙoƙi 23 ɗin nan dai su ake maimaitawa kowane dare, ba a sa wata da ke bayan faifan da aka sayar a Japan kaɗai ba. Sai kuma mai waƙa ɗaya, wanda «Wonderwall» kawai ya sani, ita ma amshin. Ba a gaya masa sai dab da tashi ake yin ta ba, don haka ya yi awa biyu yana motsa baki yana gyaɗa kai, in an ɗaga hannu ya ɗaga, in an yi ihu ya yi nasa a makare. Ba zan tona shi ba. Abin da zan ce kawai, a tikitin mai ciwon ƙugu ya shigo.

Magoyin bayan Manchester United ya sha wuya ta musamman. Ƙungiyarsa ta gama kakar a ta 15, ya zo nan ya manta, sai ya tarar da hoton Pep Guardiola, kocin City a lokacin, na kwali, tsayin mutum, an kafa shi a kan dandamali. Bai gama haɗiye wannan ba Liam ya ba da umarni kowa ya juya wa dandamali baya, a dafa kafaɗun juna a yi tsalle, wato murnar da magoya bayan City suka aro daga na Lech Poznań a 2010. Na ga wani ya ƙame, ya harɗe hannu a ƙirji, shi kaɗai yana fuskantar gaba cikin dubban ƙeya. Bai yi daƙiƙa goma ba wasu ƙarti biyu suka rungumo shi ta kowane gefe, ƙafarsa ta bar ƙasa. Yana sama yana sauka yana cewa kada wanda ya ɗauke shi hoto.

Mai watsa giya kuwa, har yau ban gane lissafinsa ba. Ya bi dogon layi, ya saye ta da tsada, ya ratso taro yana kare ta kamar jariri, ana buga kiɗan farko ya cilla kofin sama. Dubbai suka yi haka a lokaci guda. Ni da ban taɓa kai ta baki ba, na jiƙe da ita daga hula har safa. Na juya ina neman wanda zan harara, Ganau ya dafa ni ya tambaya, mai sanyi ce ko mai ɗumi? Na ce mai sanyi. Ya ce to in gode wa Allah, a Knebworth ba kowane kofi ne giya ba.

Shi kansa Ganau ya fara wasan da ƙorafi. Da «Hello» suka buɗe, a Knebworth kuwa da «Columbia» ne. Mai gangar ba na da ba ne. Sautin ya yi tsabta da yawa. Yana cikin kawo mini aibi na huɗu aka shiga «Slide Away», sai na ji shiru a gefena. Na waiga na ga ƙaton mutum ya cire tabarau yana share fuska da 'yar malafarsa. Ya kira abokin mai ciwon ƙugu a waya, ya ɗaga ta sama, bai ce komai ba. A nan ya shiga sahun masu kuka, kuma suna da yawa: magidanta masu tumbi, waɗanda a jana'izar iyayensu ma sai dai su yi gyaran murya, sun rungume baƙin da ba su sani ba suna rusa kuka. Na so in yi musu dariya, ban samu hanya ba. A garin nan «Don't Look Back in Anger» ta daina zama waƙar nishaɗi tun Mayun 2017, lokacin da jama'a suka rera ta a dandalin St Ann bayan harin da ya kashe mutum 22 a Manchester Arena. A Cardiff ma, kwana ɗaya bayan rasuwar ɗan ƙwallo Diogo Jota, an hasko rigarsa mai lamba 20 a ƙarshen «Live Forever», magoya bayan kowace ƙungiya suka tafa. Mutum ya zo da shekara talatin a ƙirji, da waɗanda suka je wancan wasan tare da shi suka riga shi tafiya, a bar shi ya yi kukansa.

Duk waɗannan na yafe musu, har mai giyar. Wanda ban yafe wa ba shi ne mai gadin ƙofa.

Babu wanda ya ɗauke shi aiki. Shi ya naɗa kansa mai tantance wanda ya cancanci son Oasis. Tun ranar sayar da tikiti ya cika intanet da kukan cewa yara sun ƙwace wa masoya na gaskiya gurabe, yaran da ba a haifa ba lokacin da «Definitely Maybe» ya fito a 1994, kuma in ka bi zancen nasa da kyau ba yara yake nufi ba, 'yan mata yake nufi. Abin ya yi yawa har Anaïs, 'yar Noel, wadda ita ma a 2000 aka haife ta, ta fito ta ce wannan raina mata ne da raina ƙuruciya, ba kishin waƙa ba.

Ɗaya daga cikinsu ya tsaya kusa da mu tun kafin a fara. A gabansa akwai 'yan mata biyu da ba su wuce shekara 19 ba, sun sha rigunan Oasis, suna ta murna. Ya taɓa kafaɗar ɗaya. «Ke, wa ya kaɗa ganga a faifan farko?» Ta yi murmushi, ta zaci wasa ne, ta ce ba ta sani ba. Ya ce to ta kawo waƙa biyar ban da waɗanda ake sawa a TikTok. Ta fara lissafi tana in-ina, ya katse ta, ya juya ga abokansa da ƙarfi yadda kowa zai ji, ya ce ga irin waɗanda suka hana ƙaninsa samun tikiti, uba ya biya an zo ɗaukar hoto. Ƙawar ta ce ba wanda ya biya musu, a kanti suke aiki, wata da watanni suna tarawa. Bai ko dube ta ba. Yarinyar ta jawo rigar da ta ɗaura a ƙugu ta saka a kan ta Oasis ɗin, cikin wannan zafi, ta zuge.

Ina tsaye taku ɗaya daga gare shi, namiji mai furfura a gemu, wanda da ya yi mini tambayar farko da na ce Ringo. Ya dube ni ya ɗaga mini kofi alamar gaisuwa. Ni ba a yi mini jarrabawa ba. Abin da ya tafasa mini zuciya ke nan. Ba ilimi yake karewa ba, ya samu wadda ba za ta iya rama masa ba ne. Kuma wace taska ce ake gadi? Waƙoƙin da wasu samarin unguwar talakawa suka yi don kowa ya buɗe maƙogwaro ya rera, waɗanda aka sayar da miliyoyin faifansu, ake sa su a gidan biki da filin ƙwallo da kantin sayar da tumatir. Ba don yaran nan da suka tsince su a wayoyinsu da motocin iyayensu ba, da wa zai cika filaye daga Seoul zuwa Buenos Aires? Masu ciwon ƙugu? Shi kansa a 1994 yaro ne mai ƙuraje a fuska, kuma na tabbata akwai wani mai faifan Stone Roses da ya dube shi ya ce bai san komai ba. Bai koyi komai daga wannan ba sai yadda ake yi.

Ganau ne ya shiga tsakani. Bai yi faɗa ba, ya dai matsa da faɗin jikinsa ya tsaya tsakanin mutumin da yaran, ya ba shi baya. Ya ce wa yarinyar sunan mai gangar Tony McCarroll, kuma kada ta damu, su ma 'yan ƙungiyar ba su riƙe shi ba, tun 1995 suka sallame shi. Ta yi dariya. Sai na ga hannunsa ya nufi aljihun baya, na san abin da zai biyo. Ya zaro walat, ya fito da guntun tikitin mai roba, ya ce, «'Yata, kin taɓa jin Knebworth?» Baiwar Allah ta ce a'a. Minti ashirin ta sha, har da ruwan daren Lahadi da takalmi ƙafa ɗaya, kuma a wannan karon Noel har hannu ya ɗaga masa. Amma kafin a buga kiɗan farko ta cire rigar saman ta mayar ƙugu.

Mai gadin ƙofa bai ga ƙarshen wasan ba. Ana sauka hutun da ke gaban waƙoƙi huɗu na ƙarshe ya dubi agogo, ya ce wa abokansa in ba a fita yanzu ba sai an kwana a layin taram. Suka ratsa taro suka fice, masoya na gaskiya, ba su ji «The Masterplan» ba balle «Champagne Supernova». 'Yan matan suna nan har aka harba wasan wuta, kuma ta fi shi sanin baitocin, don na ji da kunnena, ni da nake jiran amshi ɗaya tilo da na iya.